Wa'adin Shekara Biyar Ya Cika: Me Dokar Nakasassu Ta Ɗora wa Asibiti, Makaranta da Ofis a Jos?

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar tarayya ta 2019 kan haƙƙin nakasassu ta bai wa gine-ginen jama'a, domin su gyara yadda nakasassu za su iya shiga, ya cika. Tun daga lokacin maganganu uku ke yawo a gari. Wasu na cewa yanzu ana iya garƙame duk ofishin da ba shi da hanyar keken guragu. Wasu na cewa dokar Abuja ce, ba ruwanta da asibitin unguwa a Gangare ko makarantar firamare a Rikkos. Wasu kuma, watakila su ne suka fi yawa, sun ɗauka duk zancen bai wuce rabon kekuna da sanduna da ake yi a ranar 3 ga Disamba ba, wato ranar nakasassu ta duniya. Biyun farko kowanne na da ƙamshin gaskiya. Na ukun kuwa ya yi nisa da abin da dokar ta ƙunsa.

Sunan da ake kira da abin da ake nufi

Bahaushe na da suna ga kowace lalura: makaho, gurgu, kurma, bebe, kuturu, zabiya, mai taɓin hankali. Gidajen rediyo sun fi son "masu buƙata ta musamman" saboda sakayawa, yayin da wasu daga cikin masu lalurar ke cewa a kira su nakasassu kai tsaye, tunda kalmar da doka ta sani ke nan, kuma tsoho da mai ciki ma suna da buƙata ta musamman. Ba a gama wannan muhawara ba.

Abin da ya fi sunan nauyi shi ne yadda ake kallon matsalar. A tsohon tunani, idan gurgu ya kasa hawa benen sakatariya, ƙafarsa ce ta hana shi. A tunanin da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ta ginu a kai, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010, ƙafa lalura ce, amma matakalar ce ta hana shi shiga. Bambancin ba na fatar baki ba ne, domin shi ke nuna wanda nauyin gyara ke wuyansa. Idan ƙafa ce matsalar, sai a ba shi sadaka a yi masa addu'a. Idan matakala ce, mai ginin ake bi bashi.

Saboda haka idan aka ce a sauƙaƙa wa nakasassu ayyukan gwamnati, ana nufin mutum ya iso wurin, ya shiga, ya fahimci abin da ake gaya masa, a fahimci nasa, ya gama abin da ya kawo shi ba tare da an sungume shi kamar buhu ko ya tona asirinsa ga ɗan rakiya ba. Idan kuma aka ce a dama da su, ana nufin ta ƙofar da kowa ke bi, a kuma zauna da su tun ana tsara aikin, ba ranar yanke kyalle ba.

Filato ba baƙuwa ba ce a wannan fage

A Gindiri, cikin Ƙaramar Hukumar Mangu, 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a 1953, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a ƙasar nan. Akwai makarantar kurame a Bassa. Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye malaman ilimi na musamman da ke koyarwa a jihohi da dama. A 2005 jihar ta yi dokarta ta kare haƙƙin nakasassu, shekaru kafin ta Legas ta 2011, daga baya kuma ta kafa hukumar da ke kula da wannan haƙƙi.

A matakin tarayya an sha jan ƙafa. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin a 2011, ta sake a 2015, duk Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Sai a Janairun 2019, ana dab da zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi irin su JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa. A 2020 aka kafa Hukumar Nakasassu ta Ƙasa. Babban sakatarenta na farko, James Lalu, ɗan Filato ne da ya taɓa jagorantar hukumar jihar. Wanda ya gaje shi a 2024, Ayuba Gufwan, shi ma ɗan Filato ne, wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, kuma an san shi da cibiyar Beautiful Gate da ke ƙera kekunan guragu a Jos. An ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. A takarda dai Filato ta riga tashi. A bakin ƙofar ofis kuwa, duk mai bin titin Ahmadu Bello ko Bauchi Road zai iya ƙirga matakalai da buɗaɗɗun kwatoci da kansa.

Akwai kuma dalilin da ya sa zancen ya shafi Jos fiye da yadda ake zato. Ban da waɗanda shan-inna ta nakasa kafin a tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Nijeriya a 2020, rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, da bama-baman kasuwar Terminus na Mayun 2014, sun bar mutane da yankakkun gaɓoɓi da raunin ji da gani. Haɗarin mota da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki na ƙara wasu kullum. Da yawa daga cikin masu keke a yau da ƙafarsu suka yi ƙuruciya.

Abin da dokar tarayya ta ce

Nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa laifi ne. Idan kamfani ko hukuma ce, tarar naira miliyan 1; idan mutum ne, naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Wanda aka yi wa laifin na iya kai ƙarar neman diyya daban, ko da an hukunta mai laifin.

Gine-ginen da jama'a ke shiga dole su samu hanyar keke, da na'urar hawa bene inda akwai bene, da sauran abin da ake buƙata. Tsofaffin gine-gine su aka bai wa shekara biyar. Sababbi kuwa ba su da wa'adi: ba a yarda a amince da zanen gini ba sai ya cika sharuɗɗa, kuma jami'in da ya sa hannu a zanen da bai cika ba na iya fuskantar tarar miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2. Wannan sashe ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya fi haƙora, domin ba ofis ya nufa ba, wanda ya riƙe biro ya nufa.

A layi, nakasasshe ake fara sallama. Karatu kyauta ne har zuwa sakandare. Mai lalurar ƙwaƙwalwa na da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, kuma asibitin da ke duba mai wahalar magana ko ji sai ya tanadi hanyar fahimtar juna. An hana sa nakasasshe bara, ko yawo da shi a titi domin neman taimako, ko fakewa da nakasa a yi bara. A ɗaukar aiki, an ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100. Sai dai a nan dokar ta saka wasu kalmomi, "gwargwadon iko", kuma ta wannan ƙaramar kafa shugaban ma'aikata zai iya ficewa ba tare da ya karya doka a zahiri ba.

Dokar wa ke aiki a ina?

Nan ne ruɗanin ya fi yawa, kuma yana da tushe. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci, ya ambaci ƙabila da addini da jinsi da asali da ra'ayin siyasa, bai ambaci nakasa da sunanta ba. Sashe na 12 kuma ya ce idan Majalisar Tarayya za ta mayar da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa doka a kan abin da ba nata ba ne ita kaɗai, sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, wanda ya ce tsara birane da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Shi ya sa ake ta kiran jihohi su yi tasu dokar, kamar yadda aka yi ta fama da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003.

Lauyoyi sun rabu. Wasu na ganin hana nuna bambanci haƙƙin ɗan ƙasa ne da bai san iyakar jiha ba, don haka dokar 2019 na aiki ko'ina. Wasu na ganin sassan da suka taɓa gini da firamare da asibitin jiha ba za su yi tasiri ba sai ta hannun dokar jiha.

Ga mazaunin Jos, hanya mafi sauƙi ita ce ya duba mai wurin. Asibitin Koyarwa na JUTH da ke Lamingo, da Jami'ar Jos, da ofishin fasfo, da na INEC, da na katin ɗan ƙasa, da filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, duk na tarayya ne, ba gardama dokar tarayya ta hau kansu. Asibitin Ƙwararru na jiha, da sakatariyar Joseph Gomwalk, da kasuwanni, da tashoshin mota, da ƙananan asibitocin unguwa, a nan dokar jiha da hukumar jiha ne a gaba. Zanen sabon gini a cikin birni kuwa teburin hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, yake bi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan teburi icen yake ɗanye.

Gangara ba ita ce duka ba

Ko gangarar hawan keken ma da ƙa'idarta. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne tsawon mita 12 ga kowane tudun mita 1. Ƙofar da ta ɗaga rabin mita daga ƙasa tana buƙatar gangara mai mita 6, da ƙarfen dafawa, da fili a samanta inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. Abin da aka saba gani a bakin bankuna da shaguna shi ne ɗan siminti da birkila ya shafa a kan matakala uku, wanda ya fi dacewa da tura janareto. Mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, idan kuwa ya gwada saukowa, sai dai Allah ya kiyaye. A gari mai duwatsu da hawa da sauka irin Jos, inda unguwanni da yawa lunguna ne da kwata a tsakiya, matsalar kan fara ne tun daga ƙofar gida. Keke Napep, wanda shi ne motar talaka, ba shi da wurin keken da ba ya naɗewa.

Kurma kuwa zai haye kowace matakala da gudu, amma a gaban likita ya tsaya cik. A nan akwai wani abu da masu tsara aiki ba su cika lura da shi ba. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da tasu maganar hannu tun kafin nan, wadda ake koya a gida da dandali. Tafintan da ya yi karatu a jami'a zai iya tsayawa gaban kurmar da ba ta shiga aji ba, su yi ta kallon juna. Idan aka ce a kawo 'yar'uwarta ta fassara, to awon ciki da gwajin jini da duk abin da mace ke gaya wa unguwarzoma a asirce ya zama labarin gida. Haka ma a ofishin 'yan sanda da kotu, inda kuskuren fassara ɗaya kan iya canza shari'a.

Sai kuma sabuwar matakala, wadda ba a gani da ido. Rajistar jarrabawa, neman aiki, fasfo, tallafi, duk sun koma intanet. Makaho mai waya yana da manhajar da ke karanta masa rubutu, irin su TalkBack a wayoyin Android, amma ba ta karanta hoton takarda da aka ɗora a shafi, kuma idan shafi ya ce a kwafi karkatattun haruffan da ke cikin hoto kafin a wuce, tafiya ta ƙare. Galibin waɗannan manhajoji ma Turanci suka fi iyawa. A na'urar cirar kuɗi da ba ta magana, dole makaho ya ba wani lambarsa ta sirri. Wanda kuturta ta ci wa yatsu, ko aka yanke wa hannu, yana haɗuwa da na'urar ɗaukar zanen yatsa a wajen NIN da BVN, kuma idan ma'aikacin bai san yadda ake bi da irin wannan ba, sai ya ce a dawo gobe.

Akwai inda aka gwada kuma aka ga haske. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa INEC tanadar kayan taimako, kuma an ga jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu domin zabiya a wasu rumfuna. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS na duba fuska idan yatsa ya ƙi. Ƙorafin da ya biyo baya shi ne kayan ba su kai ko'ina ba, kuma makafi da yawa ba su koyi rubutun ba balle su yi amfani da jagorar.

Inda ake ja-in-ja

Hujjar ma'aikatu kuɗi ce, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Saka na'urar hawa bene a ginin da aka yi shekara 40 da suka wuce aiki ne mai tsada, ga wutar da ba ta tsayawa. Ƙungiyoyin nakasassu na mayar da martani da abu biyu. Na farko, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka saka, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba, don haka ginin da aka yi bayan 2019 ba shi da uzuri. Na biyu, gyara da yawa ba ya cin kuɗi: a sauko da teburin yankar kati ƙasa, a daina kulle ƙofar gefe, a kira suna da baki a kuma nuna lamba a allo.

Tara ma abin dubawa ce. Dubu 100 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na wata biyu ba tun da aka mayar da shi dubu 70 a 2024, miliyan 1 kuma ba ta kama ƙafar kuɗin na'urar hawa bene ba. Mai lissafi zai ga biyan tara ya fi arha. Masu goyon bayan rufe gine-gine na kafa hujja da abin da ya faru a Maris 2024, lokacin da hukumar filayen jiragen sama ta rufe wani gidan abinci a filin jirgin Legas bayan an hana mai keke zama, suna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Masu ja da baya na cewa gidan abinci daban, asibiti daban: idan aka garƙame asibitin unguwa saboda matakala, gurgun da ake yi dominsa na cikin waɗanda za su rasa magani. Ana kuma lura cewa wancan mataki ya zo ne bayan surutu a kafafen sada zumunta, kuma wanda abin ya shafa ɗan tsohon gwamna ne.

Zancen bara ya fi kowanne sarƙaƙiya. A ƙasar Hausa makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu da unguwanninsu tun da daɗewa, tsarin da ya ba su murya a fada da rufin asiri a tsakaninsu, amma ya ginu a kan sadakar Juma'a da ta bakin kasuwa. Matasa masu ilimi daga cikinsu na ganin wannan tsari ne ya sa jami'i ke laluba aljihu idan ya ga mai keke, maimakon ya tambaye shi wane fayil ya kawo shi. Dattawan kuma na tambaya: idan an hana bara, ga makaranta ba a shiga ba, ga aiki babu, me za a ci yau? Hukumar da ta tsallake Sarkin Makafi ta tsaya ga masu jin Turanci kaɗai ba za ta ji rabin labarin ba.

A ilimi ma haka. Makarantu irin na Gindiri da Bassa suna da malaman da suka san aikin, amma gurabensu kaɗan ne kuma sai yaro ya bar gida. Karatu tare da sauran yara a makarantar unguwa shi yarjejeniyar duniya ta fi so, amma a ajin da malami ɗaya ke fama da ɗimbin yara, kurman yaro na iya shekara shida a benci bai ji komai ba. Kurame da yawa sun fi son makarantarsu, inda kowa ke jin harshensu.

Mutum nawa ake magana a kai?

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe, ta samu nakasassu miliyan 3 da 'yan kai a duk ƙasar, wajen kashi 2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa na ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. A rajistar zaɓen 2023 mai mutum sama da miliyan 93, waɗanda INEC ta rubuta a matsayin nakasassu dubu 85 ne da ɗoriya. Tazarar na zuwa ne daga yadda ake tambaya. Idan malamin ƙidaya ya ce "akwai nakasasshe a gidan nan?", maigida zai ce babu, alhali tsohuwarsa ba ta gani sosai, ƙaninsa kuma ba ya ji. Idan aka tambaya ko akwai mai wahalar gani ko ji ko tafiya, amsar kan canza. Kasafin kuɗi kuma adadi yake bi.

Abin da talaka zai iya yi da dokar a yau

Cikar wa'adi ba ta sa an wayi gari da gangara a ko'ina ba. Abin da ta canza shi ne uzurin "har yanzu da sauran lokaci" ya faɗi. Shiga gaban layi a banki ko asibiti haƙƙi ne, ba alfarma ba. Uban da aka ce masa makarantar gwamnati "ba ta ɗaukar irin waɗannan" yana da inda zai kai kuka: hukumar jiha, ko ta ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Sauran jama'a ma na cin moriya ba tare da sun lura ba, daga tsohon da gwiwa ta hana hawa bene zuwa mai turin baro a kasuwa.

Dokar tarayyar ta kuma tanadi wata hanya da ba ta buƙatar lauya a farko. Wanda wani gini ya gagare shi shiga yana iya sanar da masu kula da wurin, kuma wajibi ne su ɗauki mataki nan take. Idan suka yi biris, kotu na iya sa hukumar ta biya shi diyyar naira dubu 10 a kan kowace rana da aka yi ba a gyara ba. Ƙorafin baki a gaban maigadi ba ya fara wannan lissafi yadda za a iya tabbatarwa. Takarda ce ke yi, mai kwanan wata, wadda aka buga wa hatimin karɓa, aka riƙe kwafinta a gida.